Har Yaushe Baƙo Yake Zama Baƙo?

A shekara ta 1995 wani masani ɗan ƙasar Gana, C. Bawa Yamba, ya fito da littafi cikin Turanci mai suna Permanent Pilgrims, watau alhazai na dindindin. Littafin yana magana ne a kan mutanen Afirka ta Yamma, yawancinsu Hausawa, mazauna ƙauyukan Jazira da birnin Wad Madani a ƙasar Sudan. Abin da ya tarar shi ne, waɗannan mutane suna ɗaukar kansu matafiya a kan hanyar Makka, ko da yake kakanninsu ne suka baro gida, su kuwa a can aka yanke musu cibiya.

Yamba ya yi aiki nagari, kada a rage masa. Ya zauna tare da mutanen, ya saurare su, bai yi musu ba'a ba. Amma littafin yana da rauni, raunin kuwa tun daga sunansa ya fara. Gama wanda aka kira matafiyi, an riga an ce shi ba ɗan gari ba ne. Hausawa da bakinsu suka ce baƙo raɓa ne. Littafin ya ba da ƙarfi ga abin da ke cikin zuciyar mutane, har mai karatu zai iya mantawa da abin da ke rubuce cikin dokar ƙasa.

Da farko dai, ba aikin hajji kaɗai ya kai su can ba. Sa'ad da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar, a bakin reshen Kogin Nilu da ake kira Shuɗin Nilu. Wannan hijira ce. Sa'an nan a 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Gonakin suna bukatar hannuwa, Hausawa kuwa ba su tsoron fartanya. Wani Bature, Mark Duffield, ya bi wannan gefe na ƙasa da ƙwadago cikin littafinsa a kan Maiwurno na 1981, ya kamata a karanta su biyu tare.

Ga kuma doka. A 1948 hukumar mulkin mallaka ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana. To, mutanen Mai Wurno sun makara da 'yan shekaru kaɗan, sai alƙalami ya mai da su baƙi har 'ya'ya da jikoki. Aka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare cikin suna guda, Fallata, wanda a bakin wasu zagi ne. Mutumin da aka hana wa takarda, in ya ce shi alhaji ne a kan hanya, ba ƙarya ya yi ba, amma ya zaɓi sunan da yake da mutunci a cikin waɗanda aka bar masa. Sai a dokar 1994 aka tsai da ranar a kan 1 ga Janairu 1956.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki ba za su ga sabani a nan ba. Manzo Bulus ya koyar cewa ƙasar masu bi tana sama, duk da haka da aka ɗaure shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya tsaya a kan hakkinsa na ɗan ƙasar Roma.

Abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu cikin 2022 ya gwada littafin. Hausawan jihar suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, gama a can wanda ba shi da sarki ba shi da baki a zancen ƙasar noma. Wasu daga cikin Berta da Funj da Hamaj suka ƙi, suka ce ƙasar gādonsu ce. Faɗa ya tashi a watan Yuli a wajajen Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Samarin Hausawa suka fito tituna a Khartum da Kasala da Gadarif. Ba hanyar Jidda suke nema a buɗe musu ba, hakkin 'yan Sudan suke nema.

A lura kuma, waɗanda suka yi jayayya da su ba Larabawa ba ne. Baƙaƙe ne, 'yan Afirka, su ma Khartum ta daɗe da yi musu riƙon sakainar kashi. Ashe cewa "dukanmu 'yan Afirka ne" ba ya raba gardamar gona. Masu cewa Hausawa su koma Najeriya kuwa, sai su duba kwanan wata: garin Maiwurno yana nan kafin a haɗa Kudu da Arewa a 1914, ya kuma girmi 'yancin Sudan da wajen shekara 50.