Abokan Hirata Idan Hunturu Ya Kankama



Duk shekara idan watan Disamba ya wuce, gida yakan yi wani irin tsit. An gama bukukuwa, an kai amare, baƙin da suka zo hutu sun tafi, yara sun koma makaranta, an ninke anko an jefa ƙasan akwati, wani ma ba a gama biyan kuɗinsa ba. Daga nan sai hunturu ya samu fili, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, kowa yana neman man kaɗe. Ni kam ina son wannan lokaci. Da sassafe yatsuna ba sa riƙe biro, sai hantsi ya dubi ludayi nake jan tabarma bakin rana in yi shafi biyu ko uku. Da daddare kuwa bayan Isha, ga dare da tsawo, ba mai sallama, sai shayi mai citta da kanumfari, da bargo, da abin karantawa ko na kallo.

To a nan ne nake zaɓe, domin ba kowane labari ne yake iya zama da mace a irin wannan dare ba. Lokacin biki komai ma yana shiga, ana hayaniya ana dariya. Amma idan gida ya yi shiru, kina kwance kina lissafin abin da ya rage a buhu da kuɗin makarantar yara, labarin da ake ta sauya mota da leshi ba abin da yake ƙara miki sai ciwon kai.

Na farko da nake komawa gare shi tsohon fim ɗin Indiya ne, Mother India, na shekarar 1957, wanda iyayenmu suka sha kuka a kansa. Da yawa abin da suke tunawa shi ne ƙarshensa, inda uwa Radha, wato Nargis, ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta Birju saboda ya sace 'yar mutane. Ni farkonsa ne ya fi tsaya mini. Kun san daga ina masifar gidan nan ta faro? Daga bashin biki. Uwar miji ce ta ranto rupi 500 a wajen mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin ɗanta a fita kunya, aka wayi gari kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu nasa ne. Miji ya rasa hannuwansa a wajen aikin gona, kunya ta sa ya bar gida, mace ta zama ita ce saniyar noma. Fim ne na kusan awa uku, kuma wallahi akwai wuraren da aka ja shi fiye da kima, ga kuka kamar ba za a daina ba. Amma ki kalle shi a watan Janairu, bayan kin ga yadda aka yi rige-rigen gara da kayan ɗaki a unguwarku, ki ji ko Indiya tana da nisa.

Na biyu, wanda a kansa nake son mu daɗe, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ne, Alhaki Kuykuyo Ne, na shekarar 1990, wanda har Malam Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci aka buga a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, mai 'ya'ya tara, da mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa, mai ƙyalƙyali a waje, gida kuwa ko oho. Ya auro Delu, macen da ta gama zaman kanta, rigima ta tashi, aka kori Rabi da 'ya'yanta. Ta ɗaura ɗamara ta kama sayar da abinci, ta ci da su, ta yi musu makaranta, har ta aurar da 'yarta Saudatu ga Alhaji Abubakar.

Abin da ya sa nake girmama littafin nan, Hajiya ba ta ji kunyar lissafi ba. Mu marubuta mun fi son mu kwatanta idon yarinya da gashinta shafi uku, amma a tambaye mu me aka ci a gidan ran nan, shiru. Ita kuwa ta shiga madafi, ta nuna kuɗin cefanen da ba ya isa, da yadda uwa take ƙulla wannan ta kwance wancan don kada yaro ya kwana da yunwa. Hausarta ba ta da kwalliya, kamar maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga tana ba ki labari. Wannan shi ne ƙarfinta.

Amma fa ina da magana a kan ƙarshensa, kuma duk shekara idan na sake karantawa maganar ba ta canzawa. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu a kasuwa, arziki ya tafi, Delu ta kama gabanta, sai kuma aka taru a kan Rabi da ban baki da matsin lamba har ta koma. Haba jama'a! Matar da ta tsayu da ƙafarta ba tare da shi ba, ita ce kuma za ta zo ta ɗauki wanda ya watsa mata kaya waje? Wasu suna cewa ai gaskiya Hajiya ta faɗa, haka ake yi a gidajenmu, ba a tambayar mace abin da take so, albarkacin 'ya'ya kawai za a ce mata. Na yarda, kuma wataƙila da gangan ta bar mana abin ya tsaya a maƙoshi. Inda ban gamsu ba shi ne gobarar. Idan sai wuta ta tashi a kasuwa sannan azzalumin miji zai gane kurensa, to ina labarin wadda shagon mijinta bai ƙone ba, kullum ma ƙara bunƙasa yake? Irin su ne suka fi yawa, kuma su ne suke karanta mu. Haka nan auren Saudatu da mai hali, ya zo da sauƙi ƙwarai. Tuwon da Rabi ta tuƙa da hannunta ya fi burge ni a kan surukin da ya faɗo kamar daga sama, don kowace mace tana iya hura wuta, amma ba kowace ce za ta samu Alhaji Abubakar ba.

Kada ku ce na cika son abin baƙin ciki. Daren da na gaji da tunani nakan ɗauko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, in sha daɗin kalaman Sumayya da Muhammad. Sai dai 'yan mata, wurin faɗawa rijiyar nan a karanta a wuce, ba abin koyi ba ne. Fina-finai masu dogon zango kuwa, irin su Labarina da aka fara a 2020, ba na musun an iya aiki, amma ni labarin da zan bi mako da mako har sanyi ya wuce zafi ya shigo ban ga ƙarshensa ba, haƙurina ba ya kaiwa, balle kuɗin data.

Wadda take da tsohon kwafin littafin Hajiya a ƙasan adakar mahaifiyarta, ta kakkaɓe ƙurar ta karanta kafin sanyin nan ya tafi. Idan kin zo inda aka taru a kan Rabi, ki ajiye littafin tukuna, ki tambayi Inna ko Goggo abin da za su ce mata da a gabansu aka yi. Ni na tambayi tawa Goggon, ta ce in ƙara mata shayi.

Wassalam, taku har kullum.