Shaihu Umar da Tuwon Fada

A cikin littattafan da muke karantawa da 'yan makaranta a nan Matazu, babu wanda ya ke sa aji ya yi tsit kamar Shaihu Umar, na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya rubuta shi ne domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa a 1933, a zamanin Dokta East, aka buga shi a 1934. Sa'an nan marubucin saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Muna so mu faɗi abin da muka yaba a cikinsa, mu kuma faɗi inda muka ga ya rage, don masu karatu su auna da kansu.

Labarin ba ɓoyayye ba ne. An haifi Umar a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani barde na kusa da Sarki. Da aka dawo daga wani hari, sai 'yan'uwansa fadawa suka yi masa sharri, suka ce ya ɓoye waɗansu bayin da ya kamo, aka kore shi daga ƙasar. Daga nan gida ya watse. Aka sace yaron, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, a Kano wani Balarabe, Abdulkarim, ya karɓe shi ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗa, har ya zama babban malami. Uwar kuwa ta fita nemansa, ita ma aka sayar da ita, ba su sake ganawa ba sai tana bakin mutuwa.

Lalle Malam Abubakar ya san fada. Ya nuna yadda neman girma ke lalata zumunci, yadda mutanen da ke cin tuwo akushi ɗaya kowa ke haƙa wa ɗan'uwansa rami. Baki shi ke yanka wuya, Makau kuwa bakin abokansa ne ya yanka shi. Hausarsa kuma a natse ta ke, ba ya cika ta da ado, shi ya sa wahalar uwar nan ta ke shiga zuciya.

To, amma ga inda muka tsaya. Bayin da ke cikin littafin nan kusan duk matafiya ne: a kamo su, a kora su kasuwa, a ƙetare Sahara da su. Ina waɗanda ba su tafi ko'ina ba? Fadawan Kagara da ke ta ƙulle-ƙulle a zaure, tuwo su ke ci safe da yamma. Wani ya noma dawar, wata ta sussuka, ta daka, ta niƙa, ta tuƙa. Marubucin bai leƙa da mu rinji ba, bai kuwa kai mu madafa ba, alhali can ne mafi yawan bayin ƙasar nan suka ƙare kwanakinsu. Masana tarihi biyu, Lovejoy da Hogendorn, sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikin Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka sami wani Abdulkarim.

Wanda ke son ganin wannan gefen sai ya nemi labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ta tashi a gidan masu rinji. Ta bayyana yadda bayi ke fita gandun ubangijinsu da hantsi, a kai musu abinci da rana, da azahar su koma gayaunarsu. A Kano ma haka abin ya ke, sai dai ya fi girma. Gandayen Sarki irin na Fanisau da Dorayi su ke cika rumbunan Gidan Rumfa, manyan bayin Sarki kuwa, watau Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ke da hannu a kan sha'aninsu. Mai rumbu shi ke da baƙi, mai baƙi shi ke da barori da 'yan kanzagi, mai jama'a kuwa shi a ke tunawa ran da sarauta ta faɗi. Ashe tuwon nan makami ne, kamar takobi da doki.

Ba ƙasar Hausa kaɗai aka yi haka ba. A birnin Rum na dā, kowane mai neman muƙami yana da mabiya da ke sammako ƙofar gidansa su yi gaisuwa, a sallame su da ɗan kwandon abinci ko 'yan kuɗi, ran zaɓe su rama masa da ƙuri'a. A shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Yuliyas Kaisar ya yi wa mutanen birnin walima a kan tebur 22,000, bayan ya ci abokan gabansa da yaƙi. Wanda ya noma alkamar fa? Wani dattijonsu, Kato, wanda ya mutu a shekara ta 149 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar littafi a kan noma. A ciki ya ƙayyade mudun da za a auna wa bawa, ya ce a rage wa marar lafiya, tsoho kuwa a sayar da shi tare da tsofaffin shanu da kayan aikin da suka lalace. Marubutan Rumawa sun cika takardu da labarin masu ci. Na masu dafawa sai an tona a ke samun ɓurɓushinsa.

Ba mu ɗora wa Malam Abubakar laifi mai yawa ba. Gajeren labari aka nema, don yara masu koyon boko. Sa'ad da ya ke rubutu kuma, maganar ba ta huce ba. Dokar Lugga ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ne, ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Iyayen gijin suna nan da rai, bayin ma suna nan, wani yana biyan murgu, wani yana tara kuɗin fansa. Ƙaramin malamin En'e da zai ce zai buɗe rumbun manya a lokacin, sai ya shirya. Abin da ya faɗa ma ƙoƙari ne. Sai dai mai karatu ya lura, alherin Abdulkarim yana iya sa yaro ya rufe littafin yana zaton bauta jarrabawa ce da ke ƙarewa da rawani, ya manta da kabarin uwar.

Abin da ya sa muka damu shi ne, cikin yaran da ke zaune a gabanmu akwai jikokin masu rinji, akwai jikokin mazauna rinji, benci ɗaya. Har yanzu a kan je neman aure a dawo ba a samu ba, don wata tsohuwa ta tuna da asali. Lokacin zaɓe kuma mun sha ganin motoci sun shigo daga hanyar Malumfashi da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, manomin da ya ciyar da birni da masararsa ya bi layi yana godiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shawararmu ga 'yan'uwanmu malamai ita ce, kada a ajiye Shaihu Umar, a ci gaba da karanta shi. Amma in an kai wurin fadawa, a dakata, a tura yara gida su tambayi kakanninsu inda rinji ya ke a ƙasarsu, da wanda ya noma shi, su rubuto da Hausarsu. Tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani suna ƙarewa. Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya ba mu wanda zai rubuta ragowar labarin.