Jinjina ga akawunan bakin iyaka

A Illo da Lolo, bakin iyakar Benin, da kuɗi biyu ake ciniki: naira da sefa. Shi ya sa akawunan 'yan kasuwa da suka ƙware a manhajar Excel suka cancanci jinjina. Akawu zai ware shafi guda ga farashin canji, wani ga buhunan shinkafa da albasa, wani ga bashin dillalai. Sai ya ɗaure su: ya danna alamar =, ya koma shafin canji, ya taɓa gidan da farashin yake. Idan sefa ta tashi, gida ɗaya zai gyara, sauran shafukan duk su bi. Ragowar bashin bara ma yakan janyo shi daga tsohon fayil zuwa na bana. Ɗan kasuwa ya san ribarsa, manomi ya karɓi haƙƙinsa cif. Allah Ya ƙara musu basira.