Yatsan Mai Goge da Lissafin Masu Fiyano

Wuyan goge ba shi da alama ko ɗaya. Sanda ce da ƙwarya rufe da fatar guza, sai tsirkiyar izgar doki bisa ɗan jaki. Mai goge a Tanut ko Belbeji ba ya danna tsirkiyar har ta taɓa sanda. Yatsa kawai yake ɗora mata, ya gusa gaba kaɗan murya ta hau, ya ja baya ta sauka. Haka abin yake ga imzad, gogen matan Abzinawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Nijar, Mali da Aljeriya. Damargu kuwa, inda Tanut da Belbeji suke, ƙasa ce da Hausawa, Barebari, Abzinawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya, tun zamanin da ayarin Abzin ke sauka Jajiduna awon gero, don haka kunnen mutanenta ya saba da kiɗa iri-iri.

Wannan ɗan gusawar yatsa ya daɗe yana hana masana barci. In aka tsare tsirkiya daidai rabinta, muryar farko ce ke dawowa a sama, siririya. A 1885 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya raba wannan tazara gida 1,200, ya kira kowane gida sent. In kuma kashi biyu cikin uku na tsirkiyar aka bari, sai a hau sent 702, tazarar da kusan kowane kunne ke jin daɗinta. A jera irin wannan hawa sau 12, ya kamata a ce an dawo gida, amma sai a tarar an zarce da sent 23.5. Wannan rarar ce aka laƙaba wa sunan Fitagoras na Girka. Akwai ƙanwarta mai sent 21.5, wadda ke fitowa idan aka gwada hawa huɗu da muryar kashi huɗu cikin biyar na tsirkiya. Tsakanin rarar biyu ma akwai wani ɗan gibi da bai cika sent 2 ba, kuma shi ma an yi masa suna.

Fiyano ya kashe maganar da ƙarfin tsiya. An raba tazarar gida 12 daidai wa daida, kowanne sent 100, kamar mai awo da ya shafe tozon kowace tiya don kada a yi gardama. 702 ta koma 700, 386 ta kashi huɗu cikin biyar na tsirkiya ta koma 400.

Larabawa ba su yarda da haka cikin sauƙi ba. Tun ƙarni na 8 wani makaɗin udu a Bagadaza, Mansur Zalzal, ya shahara da wata murya da ke wajen sent 355, tsakiyar maɓallan fiyano biyu, kuma Alfarabi ya lissafa ta a littafinsa na kiɗa. Har a taron Alƙahira na 1932 an yi ta ja-in-ja kan ko a raba tazarar gida 24.

A nan ya kamata a yi adalci. Gibin sent 2 ba abin tada jijiyar wuya ba ne a dandalin biki. Sai an riƙe muryoyi biyu tare na ɗan lokaci kafin a ji suna rawa a hankali. Kakakin fadar Damagaram, wanda ba shi da ramin yatsa, muryoyinsa daga tsawon bututun suke fitowa, shi ya sa babban tsallensa ke kusa da 702, kuma fiyano zai bi shi ba tare da kowa ya yamutsa fuska ba. Inda asara take ita ce wurin sent 15, 30 ko 50, inda yatsan mai goge ke sauka tsakanin maɓalli da maɓalli, da kuma santsin da yake yi daga wata murya zuwa wata. Hausa harshe ne mai karin sauti, goge da kalangu kuma magana suke kwaikwayo. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata ne don ya ja sauti yadda baki ke jan sa, abin da maɓalli ba ya iyawa.

Sai ga Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997, wadda ke fizgo muryar mawaƙi zuwa maɓalli mafi kusa. Ta mamaye waƙoƙin finafinan Kano, ta bi katin waya ta haura arewa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a 2008 da irin wannan murya. Ba a ce ba daɗi. Wannan karkarwar ta zama ado na kanta, matasa kuma suna son ta. Sai dai yaron da ya tashi da ita yana iya jin tsohon mai goge ya ɗauka kuskure yake yi.

Na'urar ba ta da laifin duka. Akwai fiyano na kasuwar Larabawa masu maɓallin rage sent 50, manhajojin situdiyo ma suna karɓar ma'aunin da aka ba su. Mai son ba su ma'aunin Damargu sai ya zauna da makaɗa da wayar da ke auna sauti, kuma ba lamba ɗaya zai samu ba. Fata tana ɗaurewa da hunturu, ta saki da damina, makaɗi kuma yakan ɗaura tsirkiya ne daidai da maƙogwaron zabiyar da zai bi a ranar, ya goga wa izga ƙaro, ya gyara zaman jaki kafin a fara.