Tsohon Enduro, Angon Ruwan Haɗejiya

Duk wanda ya ce akwai injin jirgin ruwa da ya fi tsohon Yamaha Enduro dacewa da ruwanmu na Haɗejiya, to mu haɗu a bakin kogi cikin watan Satumba, ya zo da nasa in zo da nawa. Ba dillalinsu ba ne ni, ko hular kamfani ba su taɓa ba ni ba. So ne kawai, kuma son ya samo asali ne daga binciken da na duƙufa a kai lokacin da na ƙudiri niyyar sayen tsohon jirgin faiba in tayar da shi. Ina shiga lissafin awo da nauyi da lambobi, sai na tarar duk hanyar da na bi, a wurin wannan ɗan baiwar Allah take ɓullewa.

Da farko idona can ƙetare ya tafi, kamar na kowa. Wa zai ga tsofaffin jiragen tseren teku na Amurka bai haɗiyi yawu ba? A 1960 ne Dick Bertram ya lashe tseren Mayami zuwa Nasau da wani jirgi mai suna Moppie, wanda Ray Hunt ya zana masa ciki mai tsini tun daga goshi har baya, yana tsaga igiyar teku maimakon ya riƙa dukanta. Daga nan aka samu Bertram 31, sannan Don Aronow ya zo da su Donzi da Magnum da Cigarette. Har yau attajirai na farautar tsofaffinsu suna kashe musu dukiya. Kyau kam, ba a magana! Amma tsinin nan da ya ba su suna, zurfin ruwa yake nema, ga injuna biyu masu kwankwaɗar fetur a cikinsu. Ka kawo irinsa nan, kafin ka kai Guri ka dasa shi a cikin laka, yara sun samu wurin wasa.

Namu ruwan halinsa daban. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ga kuma madatsar da ke wajen Auyo, kogin Haɗejiya ya sauya ɗabi'a. Ruwa ya daina ƙafewa sarai da rani a wurare da yawa, kachalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyi, yashi da laka suka taru a bayanta. Ka bi ta Marma zuwa tafkin Nguru, ko ka leƙa Burum Gana, ko dausayin Baturiya, za ka ga inda gora ba ta taɓa ƙasa, taku kaɗan gaba kuma ruwa iya gwiwa. Sannan in damina ta yi damina, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, gonakin shinkafa na Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma su koma gulbi guda, hanyar mota ta yanke, mai naƙuda da buhun hatsi duk su koma jiran jirgi. Abin da irin wannan ruwa yake so shi ne jirgi mara nauyi mai shafaffen ciki, da injin da za ka ɗaga ƙafarsa da hannu ɗaya in ka hango ciyawa.

Gangar jikin da ta amsa wannan kira ita ce doguwar faibar nan samfurin W23, mai tsawon kusan mita 7, siririya, mai ɗagaggen goshi. Yamaha ce ta yaɗa irin wannan ƙira a ƙasashen masunta tun wajen shekarun 1970, a Najeriya kuma kamfanin Almarine na John Holt ya daɗe yana ƙera jiragen faiba. Shi ya sa tsofaffinsu suke warwatse daga Legas zuwa Fatakwal, daga Lakwaja zuwa Yawuri. Amma bari in koma kan angon.

Kafin ka kalli fenti, kafin ma ka gama gaisawa da mai kaya, sunkuya ka duba ɗan ƙarfen da ke manne a jikin maƙalar inji, wurin da ake ɗaure shi a jirgi. A nan asirinsa yake. In ka ga an rubuta E40XMHL, to E ɗin Enduro ne, 40 ƙarfin doki arba'in, X zubin ƙirar, M na nufin da igiya ake tayar da shi, H da sandar hannu ake tuƙa shi, L kuma doguwar ƙafa gare shi. Da a ce S ce a ƙarshe, gajeriya ke nan. Kai, ni wannan tsari kaɗai ya isa ya sa in so su: harafi biyar da lamba ɗaya sun gaya maka abin da dillali zai yi awa guda yana kewaye-kewaye a kai. Akwai kuma wata lambar ta sayen kayan gyara. E40X shi ne 66T, silinda biyu, cc 703, nauyinsa ya ɗan haura kilo 70. Yayyensa E40G da E40J tasu lambar daban ce, cc 669. Ƙaramin, E15D, shi ne 6B4, cc 246, bai kai kilo 40 ba. Ka je kasuwa ka ce kawai “a ba ni fistin na doki arba'in”, za a iya miƙo maka na yayan alhali ƙanen ne a gidanka, ka dawo Haɗejiya ka tarar bai shiga ba. Kuma tun da akwai injunan Sin da suka kwaikwayi wannan ƙira har kayansu na shiga na juna, sitika a jikin murfi ba shaida ba ce. In ƙarfen lambar ya ɓace ko an kankare shi, ka yi sallama ka wuce.

Maganar ƙafa ba ƙarama ba ce. Gajeriya ta allon baya mai tsayin inci 15 ce, doguwa ta mai inci 20. Ka ɗauki tef ka auna allon jirginka daga sama zuwa ƙasan ciki, domin faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya gota ƙasa da abin da bai wuce inci ɗaya ba. Ya yi sama, farfela ta shaƙi iska, inji ya yi ta kururuwar banza jirgi na tsaye. Ya yi ƙasa, ka zama mai noman laka, ga asarar mai. A ruwanmu, inci biyar ɗin nan su ne bambancin wanda ya wuce da wanda ya sauka yana turi.

Ranar da muka je duba wanda na ƙyalla ido a kai, da wani dattijon bakanike na tafi, mutumin da ya yi zaman Baga shekaru kafin rikici ya koro su. Bai ko kalli murfin ba. Ya sa aka jingine injin a tsaye, ya tara murfin gwangwani, ya kwance ƙaramin noti na ƙasan giya. Mai ya ɗigo a hankali, baƙi-baƙi, mai kauri. Ya shafa a yatsa, ya murza, ya ɗaga wa rana.

“Baba, lafiya dai?” na tambaye shi.

“Lafiya lau, ɗana. Da ka ga ya fito fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga giya, sai mu kama hanya. Wannan tsufa kawai ya yi.”

Sannan ya kwance fulogi biyun ya jera su a tafin hannu, duka launin ƙasa-ƙasa, babu wanda ya jiƙe ya bar ɗan'uwansa. Ya ɗaura agogon awon matsi a kowace silinda, ya sa ni jan igiya, alluran biyu suka tsaya kusan wuri guda. Abin da ake nema ke nan, kada ɗaya ta yi wa ɗaya nisa. Ya juya farfela da hannu yana kallon sandarta ko tana rawa, ya zaro wani tsohon zaren koma da ya naɗe a bayanta, wanda shi ne ke cin robar da ke tare ruwa. Sai aka cika duro, aka tsoma ƙafar injin. Ja na biyu ya kama. Wayyo, wannan ƙara! Wata irin gurnani mai kauri, ga shuɗin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, ga siririn ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta baya ba yankewa, alamar robar famfo na da rai. Ni dai ban san lokacin da na fara tafi ba. Kada ka yarda a tayar maka da shi a busashe ko na minti ɗaya ne, nan take robar famfon take ƙonewa.

Abin da ya sa bakanike irin wannan yake iya karanta shi da yatsa shi ne babu abin da aka ɓoye a ciki. Babu batir, babu kwamfuta, babu bawul, babu famfon baƙin mai. Kafireto ne da za a wanke a faranti a gindin bishiya, da igiyar da in ta tsinke za ka cire murfi ka naɗa wata a kan ƙafar tashi ka ja. Don masunta da masu fito aka yi shi, mutanen da ke wuni a ruwa mai laka da fetur ɗin da ba a rasa datti a ciki, har ma akwai zubin EK da ke aiki da kananzir. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma ban ga inda maganar ta zauna daram kamar nan ba.

Tambaya guda da ba a tsallakewa: wane ruwa ya sha? Injin da ya yi rayuwarsa a Legas ko Warri ko Kwatano gishiri ya ratsa shi. Za ka ga farin gari a kan notuna, fenti ya kumbura, kuma ranar da aka zo kwance shi notin ya karye a ciki, a nan kuɗin gyara ke ninka kuɗin saye. Wanda ya fito daga Kainji ko Yawuri ko tafkin Chadi, ko ya fi muni a ido, shi ne abin nema. Araha ba ta ado, kuma hoto a waya cinikin biri a sama ne.

Ita gangar jikin binciken nata bai da wuya. Ka bi ta da ƙotar sukundireba kana ƙwanƙwasawa. Inda ƙara ta fito ras, lafiya, inda ta mutu, faiba ta rabu ko ruwa ya kwanta. Allon baya ne matsala, don galibi katako ne aka lulluɓe a ciki. Ka ɗaga ƙafar inji ka danna da ƙarfi, in allon ya motsa ko baƙin ruwa ya tsatso daga ramin noti, katakon ya ruɓe. Ana gyarawa, a fafe a sa sabo a shafe da rezin da zaren faiba, amma a rage kuɗinsa tun a wurin ciniki.

To, masoyi ma yana da ido. Enduro mashayi ne. Mai doki 40 in ka murɗe shi ƙarshe, yana juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti, zai iya shanye wajen lita 20 a awa guda, tankinsa kuwa lita 24 ne. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya daina zama wasa. Ga hayaƙi, wanda shi ya sa dokokin muhalli suka kori irinsa daga kasuwannin Amurka da Turai. Sabbin injuna masu baƙin mai daban sun fi shi tsimi nesa ba kusa ba, ban musa ba. Sai dai ranar da ɗayansu ya yi gardama a tsakiyar kachalla bayan la'asar, wa zai buɗe shi? Sirrin dai kada ka murɗe shi duka: da jirgi ya ɗago ya hau kan ruwa, ka sassauta hannu, shan man ya ragu sosai. Kuma a kiyaye haɗi. Kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, cikakken tanki ya ci 480. In an sa sabon fistin da ringi, a ninka man na ɗan lokaci har su zauna. Man da aka yi don injin ruwa ake sawa, ba ragowar baƙin man babur ba, don Allah.

Wanda aikinsa bin ƙananan hanyoyi ne, kai kifi bakin hanya ko duba gona a fadama, ni E15D zan ce ya nema. Ƙato ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa, a ɗaure shi a bayan babur, a kwana da shi a ɗaki don ɓarayi, kuma ko rabin man babban ba ya sha. A kan kwalekwalen katako ma yana zama, in an ƙarfafa masa baya. Amma W23 ɗauke da buhuna, tana haurawa gaba da ruwan Satumba, wannan aikin arba'in ne. Yadda yake ɗaga goshinta cikin ƴan daƙiƙu, ruwa ya rabe biyu, iska ta cika maka riga, wallahi sai wanda ya hau.

Ƙarfin nan kuma shi ne abin tsoro. Yana sa mai jirgi ya ga kamar ba a cika shi. Ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari da mutanen da akasarinsu ɗaliban Islamiyya ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa, don haka ni a cikin kuɗin gyara na sa kuɗin riguna, tare da filafili biyu da gora da farfela ta ajiya, kafin ma in yi zancen fenti.

Yanzu jirgin yana kife a kan tayoyi a ƙofar gida, an fafe allon baya, ana jiran katako ya bushe. Injin kuma an sauya masa robar famfo da man giya da tiyon fetur, iyakar abin da ya nema ke nan. Fentin shuɗi zan yi, da jan layi. Kuma in akwai wanda ya san inda wani E40G na ruwan daɗi yake kwance a zaure, mai lambarsa a jiki, ya taimaka ya aiko mini kafin dillalai su ji, don na biyu nake nema.