Idon Mai Kiwo: Yadda Yaran Karkarar Amurka Ke Jinyar San Gasa

A karkarar Amurka, da zarar kaka ta kama, yara da yawa 'yan shekara tara zuwa goma sha takwas sukan sayi maraƙi ɗaya, namiji dandaƙaƙƙe, mai nauyin kilo 250 zuwa 300, su kai shi gida su turke. Daga ranar nan cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyan yaron. Zai yi wata tara ko goma yana ɗawainiya da shi har ya kai kilo 550 ko 600, sannan a kai shi bikin baje kolin gunduma, alƙali ya duba, a yi gwanjonsa. Ƙungiyoyi biyu ne ke riƙe da wannan al'ada: 4-H, wadda ake danganta asalinta da ƙungiyar yara manoma da wani malami, A. B. Graham, ya kafa a jihar Ohayo a 1902, da kuma FFA ta ɗaliban aikin gona, wadda aka kafa a birnin Kansas a 1928.

Ranar gasa 'yan kallo suna ganin ƙaton sa an wanke shi, an taje masa gashi, yana bin bayan yarinyar da da ƙyar ta kai tsayin gadon bayansa. Abin sha'awa ne. Amma ainihin gwanintar tana can baya, a wata safiya ta hunturu da san ya tsaya a lungu ya ƙi zuwa komi.

Jinyar sa tana da wuya domin ba ya son a gane ba shi da lafiya. Kakanninsa na daji abin farauta ne, kuma wanda ya nuna rauni shi kyarkeci ke fara bi. Halin nan bai bar shanu ba. Sa mai zazzaɓi idan ya ga mutum ya nufo shi sai ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya yi kamar ba komai. Kafin ya kai ga kwanciya ya ƙi tashi, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Shi ya sa darasin farko shi ne yaro ya san dabbarsa tun tana lafiya lau: ƙarfe nawa take tashi, minti nawa take cinye rabonta, wane gefe take kwanciya, yaya kashinta yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ke auna abinci a sikeli safe da yamma shi ne zai lura an bar kilo ɗaya a komi, abin da baƙo ba zai taɓa gani ba.

Gwanayen cikinsu ba sa faɗawa turke kai tsaye. Sukan tsaya daga nesa tukuna, kafin san ya ankara. Kunne ɗaya ya langaɓe? Kai yana ƙasa? Ido ya yi ruwa? Lafiyayyen sa yana lashe hancinsa a kai a kai, don haka majina da ta taru ta bushe a hanci alama ce. Idan yana kwance, yana tuƙa ko ya yi zugum? Malaman gona sun taƙaita musu binciken zuwa abu huɗu: kasala, cin abinci, numfashi, zafin jiki. Uku na farko aikin ido ne. Na huɗu sai an ɗaure san an sa masa ma'aunin zafi ta dubura. Zafin lafiyayye yana wajen 38.5 a ma'aunin Salshiyos, idan kuwa ya kai 40 zance ya koma hannun likita. Da sassafe ake aunawa, domin zafin rana kaɗai yakan ɗaga shi ya ruɗi mutum. Bayan haka yaro ya dunƙule hannu ya danna cikin kwarmin kwiɓin hagu, inda tumbi yake, ya jira. Tumbi mai aiki yakan motsa sau ɗaya ko biyu a minti. Idan ya yi shiru, akwai matsala a ciki. A ƙarshe ya tsunkuli fatar wuya ya saki: in ta daɗe a tsaye ba ta koma ba, ruwan jiki ya yi ƙasa.

Cutar da aka fi tsoro a makonnin farko ita ce ciwon huhu, wadda ta fi kowace cuta yi wa shanun kitso ɓarna a Amurka. An raba maraƙi da uwarsa, an loda shi a mota, an cakuɗa shi da baƙin shanu a kasuwa, ya sauka a baƙon wuri. Wahalar nan tana karya garkuwar jiki, bairos ya buɗe hanya, sannan ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a hancinsa su gangara huhu. Ga shi huhun saniya ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinta, ba ta da rarar da za ta yi asara. Huhun da ya yi tabo ba ya komawa daidai, kuma san da ya warke a makare ba zai yi ƙibar da ake so ba. A nan kwana ɗaya yana da tsada, kuma idon yaro ne ke ceto shi.

Ciwo na biyu kuwa mai kiwo ne ke jawo shi da hannunsa. Ana so sa ya riƙa ƙara fiye da kilo ɗaya kowace rana, kuma masara ce ke yin wannan aiki. Amma tumbi an yi shi ne don ciyawa. Idan aka antaya masa hatsi farat ɗaya, ƙwayoyin halittar da ke narka sitaci su yi yawa, cikin ya yi tsami, masu narka ciyawa su mutu. Sai san ya ƙi abinci, ya yi zawo mai kumfa, wani lokaci abin ya sauka a kofato ya bar shi da ɗingishi. Masu turka sa da rago a ƙasar Hausa sun san irin wannan, ranar da dabba ta tsinke igiya ta afka wa buhun dawa. Maganin haƙuri ne: a janye hatsi, a cika komi da busasshiyar ciyawa mai kyau, a dawo da hatsin kaɗan-kaɗan. Ko tun farko ma cikin makonni uku ko fiye ake hawar da shi. Yaron da ya ga na abokinsa ya fi nasa nauyi, amma ya danne zuciya bai ƙara awo ba, ya iya abin da manya da yawa suka kasa.

Kumburin ciki shi ne wanda ba ya jira. Iska tana taruwa a tumbi kullum, sa yana fitar da ita ta gyatsa. Idan gyatsar ta tsaya, ko iskar ta maƙale cikin kumfa, kwiɓin hagu ya tasa, in an buga ya yi ƙara kamar ganga. Tumbin ya danne huhu, kuma cikin sa'o'i kaɗan, ko ƙasa da haka, dabba na iya mutuwa. Yaro ya san aikinsa: ya kira babba, a kira likita, shi kuma ya hana san kwanciya, ya riƙa zagawa da shi. Wanda ya ƙware ya zura tiyo ta baki zuwa tumbi iska ta fita. In kumfa ce, a ba da mai ko maganin fasa kumfa. Ba a ɗura wa sa mai haki ruwa da gaggawa, don kada ya bi ta huhu. Huda kwiɓi kuwa sai an rasa yadda za a yi.

Akwai kuma ciwon da ya fi kama dandaƙaƙƙen sa, wato tsakuwar mafitsara. Hanyar fitsarinsa ta fi ta bijimi ƙunci, hatsi kuma yana da yawan fosfaras, wanda ke taruwa ya zama tsakuwa. San zai riƙa kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa, yana yunƙuri fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan. Mafi haɗari, idan mafitsarar ta fashe sai ya yi kamar ya sami sauƙi, alhali fitsari ne ke malala a cikinsa. Wanda bai sani ba ya yi murna, wanda ya sani ya ruga wajen likita. Rigakafinsa sauƙi gare shi: kalsiyam ya ninka fosfaras a abinci, gishiri ya wadata, ruwa mai tsabta kada ya yanke, ko da sai an fasa ƙanƙara a kwatarniya kowace safiya.

Ita kanta jinyar ƙananan abubuwa ne da ake yi ba fashi. A keɓe majiyyaci a busasshen wuri mai iska, a shimfiɗa masa sabon tattaka, a sa fanka in bazara ce. Amma a bar shi yana hango ɗan'uwansa, domin saniya dabbar garke ce, kaɗaici yana hana ta ci. A nan ne watannin da yaro ya yi yana koya masa bin igiya, yana wanke shi yana sosa shi, suke biya. San da ya saba da hannu yakan tsaya a auna shi, a yi masa allura, ba tare da kokawar da ke ƙara masa zazzaɓi ba.

Sanin iyaka ma gwaninta ce. Tun watan Yuni na 2023, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da muhimman magungunan kashe ƙwayoyin cuta na dabbobi sai da takardar likita. Don haka dole yaro ya iya bayani. Wanda ya ce "ba shi da lafiya" kawai bai taimaki likita da komai ba. Wanda ya ce zafinsa 40.3 da ƙarfe bakwai, ya bar rabin abincin daren jiya, yana tari tun shekaranjiya, tumbi na motsi, ya riga ya yi rabin aikin. Idan an rubuta allura, a wuya ake yinta, gaban kafaɗa, ƙarƙashin fata in takardar maganin ta yarda, kuma ba a zuba fiye da mililita 10 a wuri ɗaya. Ba a taɓa cinya, domin allura tana barin tabo a nama, cinya kuwa nama ne mai daraja. Sannan a shigar da komai a littafi: rana, sunan magani, yawansa, wanda ya yi, da ranar da zai gama fita daga jiki.

Wannan layi na ƙarshe shi ne babbar jarrabawa. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba. Wata sananniyar allurar oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki, alal misali, kwana 28 take buƙata. To, a ce saura kwana 20 gwanjo, zazzaɓi ya kama san. In an yi masa allurar, ba ya sayuwa ranar nan, kuɗin abincin wata tara ya maƙale. In an ƙi, ana wasa da ransa. In an yi an ɓoye, an ci amanar mai saye. Manyan bukukuwa irin na birnin Hustan a jihar Teksas suna gwada dabbobin da suka yi nasara don gano ragowar magani, kuma jihohi da yawa suna wajabta wa yara horo kan ingancin nama kafin su shiga gasa. Duk da haka, a ƙaramin turke da ke bayan gida babu mai gadi. Yaron da ya yi maganin, ya rubuta gaskiya a littafi, ya je da kansa ya shaida wa shugabannin gasa cewa nasa ba zai shiga gwanjo bana ba, ya yi asarar kuɗi da kyauta. Ya yi haka ne saboda dabbar da ke hannunsa, da kuma mutanen da bai sani ba waɗanda za su ci naman. Mai shekara goma sha uku da ya iya yanke wannan hukunci ya cancanci a kira shi makiyayi, ko da bai taɓa cin gasa ba.