Hoto Ba Karatu Ba Ne: Nazari a kan Koya wa Ɗalibai Adana Tsofaffin Takardu a Kwamfuta

Sunan Ƙofar Durbi a birnin Katsina yana tuna wa mutum Durbawa, waɗanda kaburburansu ke Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda Palmer ya yi tono a 1907. Masu tonon tarihi suna da ƙa'ida guda: abin da aka ciro daga ƙasa ba a rubuta inda yake kwance ba, ya rasa rabin amfaninsa. Wannan ƙa'ida ita ce ma'aunin da ya kamata a ɗora wa aikin koya wa ɗaliban jami'a ɗaukar hoton tsofaffin littattafai su zuba a kwamfuta.

Aikin ba sabo ba ne. A 1964 aka kafa cibiya a Jami'ar Ibadan, inda John Hunwick ya riƙa aron littattafan malamai ana ɗaukarsu a ƙaramin fim, sa'an nan a mayar wa masu su. Daga 2004 Laburaren Birtaniya ya soma ba da kuɗi don ceton takardun da ke cikin haɗari, bisa sharaɗin asalinsu ya zauna a ƙasarsa. Lalle wannan sharaɗi abin yabo ne. Wanda kuwa ke shakkar gaggawar aikin, sai ya tuna littattafai kimanin 4,000 da aka ƙone ko aka kwashe a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a 2013, balle gara da damina da ke cin nasu ba dare ba rana.

Amma fa akwai aibi idan koyarwar ta tsaya ga na'ura kaɗai. Ɗalibi yakan iya saita haske da kyamara cikin mako guda. Abin da ba ya samuwa cikin mako shi ne sanin abin da ke gabansa, kuma a wuri uku ake ganin haka.

Na farko, littattafan malaman ƙasar Hausa ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke sawa a gindin shafi, watau kalmar farko ta warƙa mai zuwa. Ɗalibin da bai san wannan ba zai ɗauki warƙoƙin yadda ya tarar da su a hargitse, ya ba su lamba, kuskuren ya zama tabbatacce har abada.

Na biyu, rubutun. A hannun Magaribi ɗigon fa a ƙasa yake, na ƙaf kuwa guda ɗaya ne a sama. A ajamin Hausa ɗigon imala a ƙarƙashin harafi shi ke ba da wasalin e, kuma sau da yawa da jar tawada ake yin wasulla. Hoton da ya dusashe launi ya ɓatar da karatu, wanda ya saba da bugun Masar kaɗai kuwa zai rubuta sunan littafi a karkace.

Na uku, shekara. Mawaƙa sukan ɓoye shekarar waƙa cikin ramzi a baitocin ƙarshe. Ita ma takardar tana da shaida, gama da yawa daga Italiya aka kawo ta, da tambarin wata uku a cikinta, wanda ba ya fitowa sai an haska ta daga baya. Hoton da aka ɗauka daga sama kawai ba ya nuna shi.

Ta wannan fuska aikin ajami na Jami'ar Boston, wanda Fallou Ngom ya jagoranta tare da malaman Jami'ar Bayero, ya fi kusa da daidai, domin ana haɗa hoto da bayanin marubuci da mai littafi da abin da ke ciki, wasu ma har an juya su zuwa boko an fassara. Duk da haka, taskar da ke can ƙetare ba ta isa ba, sai an sami kwafi a gida da mai kula da shi, gama faifan kwamfuta yakan mutu tun takarda ba ta tsufa ba.

Katsina garin Ɗan Marina ne da Ɗan Masani, da Muhammadu al-Katsinawi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Har wa yau akwai masu karanta irin hannunsu a zaurukan birni. Saboda haka abin da ya dace ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejojin horon malamai shi ne a zaunar da kowane ɗalibi gaban malamin zaure kafin a damƙa masa kyamara, kuma kada a auna ƙwazonsa da yawan hotuna, sai da yawan littattafan da ya jera daidai, ya san mai su da zamaninsu. In ba haka ba, an dai kwashe jahilci ne daga gafaka an mai da shi kwamfuta.